Kafin Ku Ajiye Jaka: Neman Masauki a Gaɓar Tekun Gana

'Ya'yana, na ji ana ta shirin tafiya Gana a wannan dogon hutun. An yi adashi, an tara abin da Allah ya hore, kowa yana ɗokin ya tsaya a gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Madalla, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ƙasar da za ku ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun yi ta zirga-zirga zuwa Salaga a ƙasar Gwanja suna fataucin goro, wasu suka zarce Kumasi, wasu har bakin ruwa, kuma zuriyarsu na nan a zango-zango. Kuɗin mota da na abinci da na tsallaka iyaka a Seme da Hilakonji da Aflawo, duk kuna iya lissafa su tun kuna gida. Abin da ke shammatar matafiyi shi ne wurin kwana. Shi ke cinye guzuri ba a ankara ba, shi ne kuma ke sa mutum ya dawo da ƙuraje a jiki da zazzaɓi a jini maimakon labari mai daɗi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a garuruwan bakin teku tsafta ba ta bin farashi. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma ba a ce tsada tana wanke zanin gado ba. Akwai ɗakin da za ku biya kuɗi mai kauri ku tarar da bango ya yi fumfuna, akwai kuma ɗan ƙaramin gida a lungu da ko allon suna mai kyau ba shi da shi, amma za ku iya shimfiɗa sallaya a ƙasa ba tare da ɗar-ɗar ba. Abin da ke raba su ruwa ne, da iska, da kuma ko mai gidan yana kwana a gidan. Duk sauran bayanin da zan yi, kan waɗannan zai riƙa komawa.

Ku fara sanin lokacin da za ku sauka. Yuli da Agusta, sa'ad da damina ta kankama a Kano da Zariya, a gaɓar Akra da Cape Coast manyan ruwan sama na Mayu da Yuni sun lafa. Sararin sama yakan kwana ya wuni da hadari marar zuba, sai ɗan yayyafi, kuma a nan ne ake samun mafi sanyin shekara. Wannan alheri ne ga aljihunku. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska kullum ya fi mai fanka tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma a watan Agusta ba ku da bukatarsa. Fanka da tagar da ke fuskantar iska sun isa, har ma da asuba sai kun nemi mayafi. In za ku zarce yamma, wajen Busua da Axim, ku san can ya fi ruwan sama da laima, don haka binciken katifa ya fi tsanani.

Sai dai lokacin da kuka zaɓa shi ne lokacin bukukuwan mutanen ƙasar, kuma biki shi ke tayar da farashin ɗaki. Mutanen Elmina suna bikin Bakatue ranar Talatar farko ta Yuli. Ranar 1 ga Agusta ana tunawa da 'yanta bayi, kuma shekara bibbiyu ana haɗa shi da taron PANAFEST, wanda ke kawo baƙaƙen fata daga Amurka da tsibiran Karibiyan su cika Cape Coast da Elmina. Ƙabilar Ga suna Homowo a Akra cikin Agusta. Babban bikin Cape Coast kuwa, Fetu Afahye, yana kaiwa ƙololuwa ranar Asabar ta farko a Satumba, kuma a makon nan ko ɗakin ajiyar kaya sai ya yi daraja. In bikin kuke so ku gani, ku kama ɗaki da wuri ku haƙura da tsada. In teku da hutawa kuke nema, ku kauce wa waɗannan ranakun.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kalanda. A kudancin Gana jana'iza babban taro ne, ana ajiye mamaci makonni, a gayyato dangi daga ko'ina, a fara daren Juma'a a ƙare ranar Lahadi. Baƙin jana'iza su ke cika ƙananan masaukai, kuma lasifika ba ta yin shiru sai dare ya raba. In kun shiga unguwa ranar Alhamis kun ga ana kafa rumfuna ja da baƙi, ana jera kujerun roba, to ku nemi ɗaki a wata unguwar. Saboda wannan, da kuma ma'aikatan Akra da ke kwararowa bakin ruwa ƙarshen mako, ya fi kyau ku isa Lahadi da yamma ko Litinin. Mai masauki da ya wayi gari ɗakunansa fayau ya fi sauƙin ciniki.

Yanzu batun kusa da ruwa. Kowa yana so ya buɗe taga ya ga igiyar ruwa, kuma masu masauki sun san haka, shi ya sa rabin abin da kuke biya a bakin rairayi kuɗin kallo ne. Ku koma baya da tituna biyu ko uku, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallacin unguwa ba, za ku ga farashi ya sauko sosai. Kuma ba kuɗi kaɗai za ku tsira da shi ba. Iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe ba dare ba rana. Famfo ya yi tsatsa, makulli ya cije, ragar taga ta ruɓe, katifa kuwa ta sha laima har ta yi nauyi. Manyan otal-otal suna da kuɗin da za su riƙa sauya waɗannan abubuwa. Ƙaramin gidan da ke bakin ruwa kuma yake da araha, galibi ya bar su sai yadda hali ya yi. Ku lura kuma da abin da ke maƙwabtaka da gidan. A Elmina, inda tafkin Benya ya shiga teku, nan ne matsayar kwale-kwalen masunta, wuri ne mai ban sha'awa da rana, amma Agusta lokacin kamun kifi ne, mata na banda kifi dare da rana, hayaƙi da ƙarni sai sun shiga har cikin kayanku. Kusa da tafki ko fadama kuma sauro ne. Wani rairayin da ke jikin unguwa mai cunkoso, mutane makewayi suka mai da shi, abin da ba za a taɓa nuna muku a hoto ba.

Mu zo kan hoton. Ban ce kada ku duba Booking.com ko Airbnb ba. Ku duba, suna nuna muku farashin gari, kuma abin da waɗanda suka kwana a wurin suka rubuta yana da amfani in kun san yadda ake karanta shi. Ku tsallake yabo, ku nemi ƙorafi, kuma na watannin nan ba na shekara uku da suka wuce ba. Wanda ya koka cewa an jinkirta masa shayi, ku bar shi da rigimarsa. Amma in mutum biyu ko uku da ba su san juna ba sun ambaci rashin ruwa ko ƙwari a gado, ku yarda da su. Hoton ɗaki kuwa, ku ɗauke shi kamar ragon jajibirin sallah da aka ba kanwa aka ɗura wa ruwa: sai an kai shi gida ya kwana ake sanin girmansa na gaskiya. Ku kira mai gidan ta WhatsApp da bidiyo, ku ce ya shiga ɗakin da zai ba ku, ya buɗe famfo kuna gani. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Kuma ko da wasa kada ku tura kuɗin mako guda ta waya ga wanda kuka tsinta a Facebook ko Instagram don ya ce ɗakuna sun kusa ƙarewa. A Gana kusan kowa da kuɗin waya yake mu'amala, 'yan damfara ma haka. In dole sai an ba da kafin alƙalami, ya zama na dare ɗaya.

Dare ɗayan nan shi ne dabarar gaba ɗaya. Ku kama ɗakin kwana guda a wurin da kuka amince da shi, ko da ya ɗan fi ƙarfin lissafinku, don ku sami inda za ku ajiye jaka. Washegari da safe, bayan kun karya, mutum biyu su fita da ƙafa su zaga gidaje huɗu ko biyar. Masaukai da yawa masu kyau ba su taɓa shiga intanet ba. Kuma ku yi ƙoƙari ku isa gari da sauran rana. Daga tashar Kaneshie a Akra zuwa Cape Coast bai wuce kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasoa kaɗai yana iya cinye muku sa'o'i. Wanda ya sauka gari da tsakar dare ga gajiya ga kaya, duk ɗakin da direban tasi ya kai shi sai ya karɓa, kuma direban yana da la'adarsa a ciki.

In an buɗe muku ɗaki, kada ku yi saurin zama. Ku tsaya a bakin ƙofa ku shaƙa. Hanci ba ya cin hanci. In warin rima ya bugo ku, ko kuma an fesa turare mai ƙarfi har yana hawa kai, akwai abin da ake rufewa. Ku je gado ku yaye zanin, ku ɗaga kusurwar katifa, ku haska fitilar waya a bakin ɗinki da tsagar katako ta wajen kai. Kuɗin-cizo yana ɓuya da rana, amma yana barin shaida: ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana a jere, da ɗan jini-jini a matashin kai. In kun ga haka, ku yi sallama cikin mutunci ku fita, kada ku karɓi ɗakin da ke jikinsa, don ƙwaron bai san iyakar ɗaki ba. Ku danna katifar da tafin hannu ku ji ko da sanyin laima. Ku bi ragar taga da ido, musamman kusurwoyi inda take yagewa. Ku kunna fanka ku saurara. Ku shiga makewayi ku ja ruwa, ku jira ku ga ko tankin zai sake cika, ku duba ko ruwan wanka yana wucewa ko taruwa yake a ƙafa. Ku gwada sakata daga ciki. Duk wannan bai fi minti biyar ba, kuma ba rashin kunya ba ne. Mai masaukin kirki ma daɗi yake ji, don ya san ya samu baƙin da za su kula da ɗakinsa.

Daga nan ku leƙa bayan gida, a nan gaskiyar take. A wani gida da na sani a bayan kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Fante ce ke riƙe da shi, tana zaune a ɗakin farko kusa da ƙofa. Kafin rana ta ɗaga za ku tarar da zannuwan gado farare a kan igiya suna ɗiga, ƙaton baƙin tankin ruwa a kan ginin da aka ɗaga masa, bokitai a kife a jere, tsintsiya a jingine tana jiƙe. Fentin gidan ya koɗe, kujerun tsakar gida ba su dace da juna ba, amma ba ƙuda ko ɗaya a magudanar ruwa. Irin wannan gidan nake nema muku. Inda mai gida yake Akra ko Landan ya bar yaro ɗaya da makullai da albashin da ba ya zuwa a kan kari, yaron nan ba zai wanke labule ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Ku yi tambaya kai tsaye: in ruwan famfo ya ɗauke, daga ina ake samu? In wuta ta ɗauke, akwai janareta, kuma har ƙarfe nawa? Gana ma ta san ɗaukewar wuta, ba mu kaɗai ba ne. Ku duba kuma ko an rataye takardar lasisin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar a wurin karɓar baƙi. Ba ita ce ke share ɗaki ba, amma in rigima ta taso kuna da wurin kai ƙara.

Ciniki kuma sai da ladabi. Ku gaisa tukuna, mutanen nan suna girmama gaisuwa kamar mu, kuma kada ku miƙa kuɗi da hagu. Ku tambaya ko farashin na ɗaki ne ko na kai, ko mutum nawa aka yarda su kwana, ko har da karin kumallo, ko har da haraji. Akwai harajin yawon buɗe ido na kashi 1 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin masauki, ban da sauran harajin gwamnati, kuma a manyan wurare sai ranar tafiya suke bayyana a takarda. In kun ce za ku yi kwana biyar kuma za ku biya da sidi, kuɗin ƙasar, a hannu, kusan kullum ana ragewa. Amma ku riƙa biya kwana bibbiyu kuna karɓar rasit, kada ku zube duka. In kuna da yawa, gida mai ɗaki biyu da kicin yakan fi ɗakuna huɗu na otal sauƙi, ga shi za ku sayi kifi ɗanye a bakin ruwa ku dafa da kanku, ku huta da tambayar naman mene ne a cikin miya. Ku dai tuna ranar Talata masunta ba sa shiga teku a yawancin garuruwan nan, al'adarsu ce tun fil azal, sai ku yi cefanen kifinku ranar Litinin.

To ga zango. Kusan babu babban gari a Gana da ba shi da shi: Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, akwai a Kasoa, akwai a Cape Coast da Takoradi. A zamanin fatauci, baƙo yana sauka ne wurin maigida, shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an yi shari'a. Wannan tsari ya ja baya, amma jininsa yana nan. Ku yi sallar la'asar a masallacin zango, ku gaida liman da dattawa, ku ce ku baƙi ne daga Katsina ko Sakkwato kuna neman masauki mai mutunci. Za a haɗa ku da yaron da ya san gidan da ake kai surukai in sun zo biki, da gidan da ba a kai kowa. A nan kuma za ku sami koko da ƙosai da safe, da wake da shinkafa a ganye, da tuwo, da tsire da dare, a farashin 'yan gari.

Amma ina roƙonku, kada ku mai da karamcinsu otal. Unguwannin nan a matse suke, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, ruwa ma saye ake yi. In kun ce kuna neman wurin kwana, wani bawan Allah zai kori 'ya'yansa zuwa baranda ya ba ku shimfiɗarsu, ba zai taɓa nuna muku ya takura ba. Addini ya ba baƙo kwana uku, amma wannan don wanda tafiya ta kama ne, ku kuwa shaƙatawa kuka fito da kuɗinku a aljihu. Shawara za ku nema, ba katifa ba. In akwai ɗan uwa na jini da ya rantse sai kun sauka wurinsa, ku kwana ɗaya, ku tafi da tsaraba ta kirki, kilishi ko yaji ko turmin atamfa, ku yi cefane ba tare da an tambaye ku ba, sannan ku koma inda kuka biya.

Wata tsaftar kuma ba ta sabulu ba ce. Ɗakin da ya fi kowanne araha a gari sau da yawa na awa-awa ne, kun san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba. Alamarsa ba ta ɓuya: ba a rubuta sunan baƙo, ba a tambayar fasfo, ga mashaya a ƙofa, ana shiga ana fita bibbiyu. A wurare kamar Kokrobite, da ke yamma da Akra kaɗan, masaukan bakin rairayi suna da sauƙin kuɗi, amma daren Asabar kiɗa ne har asuba. Mai son haka ya sani, mai son ya tashi sallah da natsuwa shi ma ya sani. Ku 'yan matana, ku kama ɗaki ɗaya ko biyu a jere, a sama in akwai bene, kada a ware ɗaya ita kaɗai a ƙarshen lungu don an ce ya fi araha. Ku aika wa iyayenku sunan gidan da lambar mai shi a daren da kuka sauka. Ku sa buta da sallaya da zanin gado ɗaya da tawul da silifas na wanka a jaka, da gidan sauro in da hali. Ba su da nauyi, kuma suna mai da ɗaki mai dama-dama ya zama abin kwana.

Abin da kuka rage a kuɗin ɗaki, ku kashe shi a inda ya dace. Ku shiga gidan kurkukun bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, ku bi mai jagora har ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Cikin waɗanda aka tsare a wurin akwai mutanen arewa da aka koro ta kasuwannin bayi irin na Salaga, don haka ba tarihin wasu za ku ji ba. Tsakanin garuruwan biyu 'yar gajeruwar tafiya ce a tasin haɗaka, ba sai kun sauya masauki ba. Dajin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa shi ma wuni ɗaya ne daga Cape Coast, a je a dawo.

Teku kuwa, ku ji tsoronsa. A watannin nan ruwan yana da sanyi da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa da ke kwasar mutum daga inda bai wuce ƙugu ba ya yi ciki da shi. Iyon da aka koya a kududdufi ko a dam ɗin Tiga ba ya aiki a nan, kuma yawancin rairayin babu mai ceto. Ku tambayi mai masaukinku ko masunta inda ake shiga da inda ba a shiga, kada ku shiga bayan magariba, kada kuma ɗayanku ya shiga shi kaɗai. Fasfo da katin rigakafin shawara da kuɗin motar komawa, ku ƙulle su wuri guda tun ranar da kuka iso, ku ba wanda ya fi kowa riƙo a cikinku, kuma kada a taɓa su don ƙarin kwana ko da kowa ya roƙa. Ranar tafiya ku kira mai gida ya duba ɗakin kuna tsaye kafin ku miƙa makulli, ku ba mai shara wani abu a hannunta, ku karɓi lambar gidan saboda ƙannenku da za su ce su ma sai sun je baɗi.